Da tsohuwar zuma: Ma'aikacin Abuja da son Dire Straits bayan fitowar furfura

A watan Satumba na 1991 ƙungiyar makaɗan nan ta Birtaniya, Dire Straits, ta fitar da kundin waƙoƙinta na shida mai suna On Every Street, wanda kuma shi ne ya zama na ƙarshe. Wata uku bayan haka, ranar 12 ga Disamba, Janar Ibrahim Babangida ya ɗauko fadar mulki daga Legas ya dawo da ita Abuja. Ke nan a daidai lokacin da wannan birni ya fara amsa sunan babban birnin tarayya, su kuwa makaɗan suna shirin rataye kayan kiɗansu. Sun yi wasansu na ƙarshe a Zaragoza ta ƙasar Sifaniya ranar 9 ga Oktoban 1992, zuwa 1995 kowa ya kama gabansa.

Yaran da ke firamare ko farkon sakandare a wancan lokaci a Funtuwa, Gusau, Azare ko Birnin Kudu, su ne a yau ke riƙe da fayiloli a Sakatariyar Tarayya, wasu mataimakan darakta, wasu hadiman ministoci da na 'yan majalisa. Abin da ke tashi a rediyon gidajensu a ƙuruciya Shata ne da Ɗanƙwairo da waƙoƙin finafinan Indiya. Wanda ake ganin ya waye ya san Bob Marley da Michael Jackson da Don Williams. Amma a cikinsu akwai waɗanda sai yanzu, bayan an yi aure an hayayyafa, furfura ta fara leƙowa a gemu, suka ci karo da kiɗan Dire Straits, ya kuma yi musu kamun da ba su yi zato ba. Mai wannan rubutu yana cikinsu. Me zai sa magidanci mai hidimar iyali da ta ofis ya wayi gari yana haddace tarihin makaɗan da suka watse shekara talatin da suka wuce, kuma me yake samu a ciki?

Makaɗan da suka san ƙarshen wata

Sunan ƙungiyar kansa ya isa ya ja hankalin mai jiran albashi. A Turanci yana nufin matsanancin ƙunci, irin halin da mutum kan shiga idan aljihu ya bushe kuma babu mafita a kusa. Ba don ƙawa suka ɗauki sunan ba, halin da suke ciki ke nan lokacin da suka haɗu a unguwar Deptford da ke kudancin Landan a 1977.

Jagoransu, Mark Knopfler, an haife shi ne a Glasgow a 1949, ya tashi a yankin Newcastle. Kafin duniya ta san shi ya yi aikin ƙaramin ɗan jarida a Yorkshire Evening Post a birnin Leeds, ya yi digiri a fannin Turanci a jami'ar birnin, sannan ya koyar a wata kwaleji a Loughton. Ƙanensa David ma'aikacin jin daɗin jama'a ne. Sauran biyun su ne John Illsley mai jitar da ke riƙe ƙasan kiɗa, da Pick Withers mai ganguna. Mark yana dab da shekara 30 aka fara jin sunansa, shekarun da a duniyar kiɗan rok ake ganin mutum ya makara.

Sun ɗauki 'yan waƙoƙi a kaset suka kai wa Charlie Gillett, mai gabatar da shiri a gidan rediyon BBC na Landan, mutumin da daga baya ya yi suna wajen yaɗa kiɗan Afirka a Turai. Ya sanya ɗaya daga ciki, Sultans of Swing, kamfanonin faifai suka fara neman su. Kundinsu na farko ya fito a 1978.

Waƙar ba ta soyayya ba ce, ba kuma ta tawayen samari ba. Labarin wasu makaɗa ne da ke wasa a wata ƙaramar mashaya a daren da ake ruwa, masu sauraro ba su taka kara sun karya ba, samarin da ke wurin ma ba su kula su ba, ɗaya daga cikin makaɗan yana da aikin da yake zuwa da rana. Duk da haka suna kaɗa abinsu da iyakar gwanintarsu. Saurayi ɗan shekara 18 zai ji saurin yatsun mai jita ya yi tsalle. Ma'aikacin da ya kwana yana rubuta jawabin da wani zai karanta a yi masa tafi, ko ya shafe shekara 20 yana gyara takardun da sunansa ba ya fitowa a kansu, wani abu daban zai ji. Ya san ma'anar yin aiki da kyau a ɗakin da babu mai kallo.

Hanyar ta biyo ta Agadas

Za a ɗauka cewa wanda ya kamu da son makaɗan Landan ta Landan ya bi. Tawa hanyar ta biyo ta arewa ne. Duk mazaunin Abuja ya san Buzayen da ke gadi a ƙofofin gidaje da shaguna, da ƙaramar butar shayinsu a kan gawayi, da wayar da ke gefe tana fitar da kiɗan jita a tsakar dare. Wani dare na dawo daga aiki a makare, na tsaya muka gaisa da mai gadin layinmu, sai kiɗan ya hana ni wucewa. Na tambaye shi, ya ce Bombino ne, ɗan ƙasarsu. Ya miƙo mini shayi, na sha a tsaye, na shiga gida da sunan a baki.

An haifi Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, a 1980 a Tidene kusa da Agadas. Tawayen Abzinawa na 1990 ya kori iyalinsa zuwa Aljeriya. A can da kuma Libiya ne shi da abokansa suka riƙa kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler suna kwaikwayon yadda suke sarrafa tsirkiya. Kundinsa mai suna Agadez ya fito a 2011, Nomad a 2013, sai Deran na 2018 da ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar lambar Grammy. Kafin shi, ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawan Mali ta ci wannan lamba a 2012 da kundinta Tassili. Akwai kuma Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya kuma ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da salon waƙoƙin Hausa na lokacin. Waƙoƙin sun bi wayoyin hannu da katin memori sun zaga Sahara tun kafin wani kamfani ya san da shi.

Da na karanta sunan Knopfler a tarihin Bombino sai na nemi malamin in ji. A ranar na gane cewa sautin da nake ji a ƙofar gida ya yi doguwar tafiya: ya taso daga kiɗan baƙaƙen fatan Amurka, ya ratsa Ingila, ya sauka a sansanonin gudun hijira na Sahara, ya gauraya da kiɗan Abzinawa, sannan ya iso Abuja a aljihun mai gadi. Ma'aikaci mai mataki na 14 ya samu darasi daga mutumin da ke buɗe masa ƙofa. Gemu dai ba ya hana ilimi.

Kunnen da kuntigi ya rena

Dalili na biyu yana cikin kunnen Bahaushe. Yawancin masu kaɗa jitar lantarki suna amfani da wani ɗan tsinken roba ne wajen bugun tsirkiya. Knopfler da yatsunsa yake kaɗawa kai tsaye, shi ya sa sautinsa ke fita tas, kowace tsirkiya da muryarta, babu hayaniya. Bahago ne ma, amma da dama ya koyi kiɗa. Muryarsa kuwa ta fi kusa da magana fiye da rerawa. Yakan faɗi jimla, ya yi shiru, jita ta amsa masa.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya tashi da Ɗanmaraya Jos. Marigayi Adamu Wayya, wanda ya rasu ranar 20 ga Yunin 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak yake wasa, ba 'yan amshi, ba gungun makaɗa. Shi zai yi magana, kuntigi ya amsa. Haka Haruna Uji na Haɗeja yake yi da gurminsa. Mutanen waƙoƙin Ɗanmaraya kuma talakawa ne masu neman na kansu, irin su karen mota, da ma'aurata masu rikici. Mutanen waƙoƙin Knopfler su ma haka suke: ma'aikacin kantin kayan lantarki, tsohon soja, ɗan sandan ciki da ya gaji, mai sassaƙa da ya mutu ba a san darajarsa ba. Babu kirari, babu roƙo, labari ne kawai na mutum da halin da ya samu kansa.

Saboda haka magidancin da ya ji Dire Straits karon farko yana da shekara 45 bai fara daga farko ba. An riga an horar da kunnensa tun yana zaune a gindin rediyon mahaifinsa.

Minti goma sha huɗu a hanyar Nyanya

Son da ya zo wa babba ya bambanta da na saurayi ta fuskar haƙuri. Kundin Love over Gold na 1982 waƙa biyar kacal gare shi, ta farkonsu, Telegraph Road, ta haura minti 14. Matashin da ya saba da bidiyon daƙiƙa 30 ba zai kai ƙarshenta ba. Wanda ke barin Mararaba ko Masaka da asuba don ya isa ofis ƙarfe takwas, ya tsaya cik a gangaren Kugbo, ya sake tsayawa a AYA, yana da wannan lokaci har da ragi. Haka wanda ke shigowa daga Kubwa, Suleja ko Lugbe.

Sunan waƙar na wani dogon titi ne a yankin Detroit na Amurka. Tana ba da labarin yadda mutum guda ya sauka a daji, jama'a suka biyo shi, gari ya kafu da makarantunsa da dokokinsa da masana'antunsa, har aka kai lokacin da ayyuka suka ƙare, aka bar mutane da cunkoson motoci da alkawuran da ba a cika ba. Mazaunin birnin da aka zana a takarda bisa Doka ta 6 ta 1976 zamanin Janar Murtala Muhammed, aka gina shi a ƙasar Gbagyi da maƙwabtansu, sannan tsadar haya ta tura ma'aikatansa kwana a jihohin Nasarawa da Neja, ba ya buƙatar tafinta kafin ya fahimci wannan labari.

Daga nan ciwon yakan yi tsanani. Mutum zai bar sauraron fitattun waƙoƙi ya koma bin kundaye bi da bi: na 1978, Communiqué na 1979, Making Movies na 1980, har zuwa Brothers in Arms na 1985, wanda aka sayar da kwafi sama da miliyan 30, kuma shi ne kundi na farko da ya sayar da miliyan guda a faifan CD. Zai gano Alchemy, wasan da aka ɗauka kai tsaye a Landan a 1983, ya fara gardama da kansa kan wace Sultans of Swing ta fi, ta situdiyo ko ta dandali. Zai san cewa an rubuta waƙar Brothers in Arms ne a lokacin yaƙin tsibiran Falkland na 1982, ya saurare ta yana tuna ɗan ajinsu da ya shiga soja aka kai shi Arewa maso Gabas bai dawo ba. Zai kalli wasansu na filin Wembley ranar 11 ga Yunin 1988, tare da Eric Clapton, a bikin cikar Nelson Mandela shekara 70, lokacin Mandela yana kurkuku.

Babba kuma ba ya son abu ido rufe. A waƙar Money for Nothing akwai kalmar cin mutunci da Knopfler ya sa a bakin mutumin da yake ba da labarinsa, wadda ta jawo ce-ce-ku-ce har hukumar kula da ɗa'ar gidajen rediyo masu zaman kansu ta Kanada ta yi hukunci a kanta a 2011. Kundinsu na ƙarshe bai kai na baya armashi ba a wurin masu sauraro da dama. 'Yan'uwan biyu, Mark da David, sun raba gari tun 1980 ana tsakiyar aikin Making Movies. Mai furfura yana iya sanin duk wannan ya ci gaba da sauraro, domin ya daɗe da sanin cewa gwani ma ɗan'adam ne.

Akwai kuma rashin da dole ya haƙura da shi: ba zai taɓa ganinsu a dandali ba. Knopfler ya sha nuna cewa ba shi da sha'awar sake haɗa ƙungiyar. Ko da aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2018 bai halarta ba. A Janairun 2024 ya yi gwanjon jitoci da kayan sauti sama da 120 a Christie's da ke Landan, aka tara fiye da fam miliyan takwas, ya ware wani kaso don sadaka. Wanda ya zo a makare ya tarar an tashi kasuwa, sai dai kayan suna nan ba su lalace ba.

Me mutane za su ce?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun Bahaushe mai matsayi. A al'adarmu akwai abin da ake ganin ya dace da kowane shekaru, kuma dattijo da kiɗan Turawa a mota abin a ɗaga gira ne. Shi ya sa da yawa sukan rage sauti idan sun iso ƙofar ma'aikata, ko su sauya tasha idan za su rage wa abokin aiki hanya. Batun hukuncin kiɗa a addini kuwa malamai sun daɗe suna bayani a kai, akwai masu tsanantawa akwai masu sassautawa, kowa ya san malamin da yake bi, kuma ba hurumin wannan shafi ba ne ya raba gardamar.

Abin da za a iya faɗa shi ne, ɗaukar kiɗa da muhimmanci bai taɓa rage wa mai daraja darajarsa ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, wanda ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa da ke Jabi daga 2016 zuwa 2021, ya shafe shekaru yana nazari da rubutu kan kiɗa da finafinan Hausa, bai kuma zama ƙaramin malami saboda haka ba. Iyaka dai a san ma'auni. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowane ma'aikaci ya san nauyin naira. Wanda zai shiga Banex ya sayo lasifikar dubban ɗaruruwa alhali kuɗin makarantar yara na jira, ba son kiɗa ne ke damunsa ba. Wayar da ke hannunsa da abin sawa a kunne mai sauƙin kuɗi sun wadatar, tun da YouTube na nan, Spotify ma ta shigo Najeriya tun 2021.

Kowane tsuntsu da kukan gidansu

Wani amfanin wannan so shi ne yakan mayar da mutum gida. Mai bin tarihin rok ba zai daɗe ba zai tarar da Najeriya a ciki. A Legas Paul McCartney ya ɗauki mafi yawan kundin Band on the Run a 1973. Ginger Baker, mai gangunan ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas ya buɗe situdiyo. Berkley Jones da Laolu Akins sun yi aiki da shi kafin su kafa BLO tare da Mike Odumosu. 'Yan makarantar St Gregory's da ke Obalende sun kafa Ofege suna sanye da kayan makaranta. The Funkees sun taso daga Gabas bayan yaƙin basasa. A Arewa kuwa akwai Bongos Ikwue na Otukpo, wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda kuma muryarsa ce ke buɗe wasan talabijin na Cock Crow at Dawn da yaran shekarun 1980 suka tashi da shi.

Abin takaicin shi ne, kamfanonin waje ne suka tono yawancin waɗannan faya-fayai suka sake buga su: Soundway ta Ingila da Nigeria Rock Special a 2008, Now-Again ta Amurka da Wake Up You! a 2016. Mai son Dire Straits yana iya sanin ranar da aka ɗauki kowace waƙarsu da sunan wanda ya kaɗa kowane kayan kiɗa. Ya gwada neman irin wannan bayani kan waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, ko na Ɗanmaraya, zai ga bambanci. Gidajen rediyo irin na Tarayya da ke Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, sun ɗauki muryoyin makaɗan Arewa na tsawon zamani, kuma zaren kaset ba ya jiran a amince da kasafin kuɗi kafin ya ruɓe. Masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ke tantance abin da za a kashe wa kuɗi a ma'aikatun yaɗa labarai da al'adu. Jami'in da ya ɗanɗani daɗin tarihin kiɗa da aka adana da kyau zai kalli fayil ɗin adana tsofaffin faya-fayai da wani ido daban idan ya iso teburinsa.

Ranar miƙa makulli

Dokar aikin gwamnati a fili take: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Wanda aka haifa a shekarar da aka kafa Dire Straits zai cika 60 a 2037. Hadimi kuwa ko wannan tabbacin ba shi da shi, ranar da maigida ya sauka ranar shi ma ya sauka. Duk mun ga manyan da suka miƙa makullin ofis, waya ta daina ƙara, masu gaisuwar safe suka ɗauke ƙafa, suka rasa abin da za su yi da yini guda, domin tsawon shekara 35 ba su da wani abu nasu na kansu in ban da kujera. Fansho yana maganin cefane idan ya zo a kan kari. Ba ya maganin kaɗaici.

Abin da mutum ya zaɓa da kansa ya so, ba don ƙarin girma ko yardar maigida ba, yana cikin 'yan abubuwan da ba a karɓewa a ranar ritaya. Ga wani karatu ne, ga wani gona ko kiwon tattabaru, ga wani kuwa kundaye shida na wasu Turawa da suka fara kiɗa suna fama da kuɗin haya. Wanda ke son gwadawa ya fara da kundin 1978, ya saurare shi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Mako na gaba ya ɗauki Making Movies, sannan Love over Gold a ranar da hanya ta cushe. Ya bar Brothers in Arms zuwa ƙarshe, domin ya fi daɗi ga wanda ya san inda aka fito. Tsakanin kowane biyu ya saka Bombino ɗaya da Ɗanmaraya ɗaya, ya kasa kunne ya ji inda tsirkiyoyin uku suke gaisawa.